Layi na Ashirin da Huɗu

Sana'ar Auta ita ce tsufar da sabon abu. A ba ta allon kwamfuta da aka fiddo daga kwali jiya, mai launuka iri-iri, cikin mako guda za ta mayar da shi baƙi wuluk da korayen haruffa, gefensa ya lanƙwashe, rubutu yana fitowa ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsoron a tambaye shi. Masu haɗa wasannin kwamfuta suna nemanta, masu shirya fim ma haka, har da wasu samari da ba su taɓa ganin irin wannan allo yana aiki ba amma suke kewarsa. Mahaifiyarta ta daɗe da daina yi wa maƙwabta bayani. In an tambaye ta aikin 'yarta sai ta ce gyaran kwamfuta take yi, ta bar maganar nan, don ba ta ga yadda za ta ce mutum ya yi shekara biyar a jami'a yana koyon ɓata abu ba.

Ita ce ta huɗu kuma ta ƙarshe a gidansu, shi ya sa har yanzu da furfura ta fara leƙo mata Auta ake ce mata. A gidan ruwa ta koyi karatu, kafin a sa ta makaranta. Mahaifinta ne mai lura da injinan turo ruwa daga safe zuwa ƙarfe biyu, kuma a ranakun da Inna ke zuwa kasuwa yakan tafi da ita, ya ɗora ta a kan kujera mai juyawa ya ce kada ta taɓa komai.

Ɗakin aikinsa yana gindin tudu. A kan tudun akwai tanki, ƙato, na siminti, wanda unguwa bakwai ke sha daga cikinsa. A gangaren akwai gidaje layi-layi, na farkonsu gidan rainon yara ne mai rawayar katanga. Taga ɗaya ce a ɗakin, kuma wanda ya zana ginin ya sa ta kallon wurin ajiye motoci. Saboda haka mutumin da aka ɗora wa kula da tankin ba ya ganin tankin. Abin da yake gani shi ne allo: gurbi tamanin a kwance, layi ashirin da huɗu a tsaye, kowane gurbi harafi ɗaya. A sama sunayen injina da lambobinsu. A layin ƙarshe kalma ɗaya, DAIDAI, wato ruwan tanki bai kai baki ba.

Akwai na'urar da ya kamata ta kashe injinan da kanta in tanki ya cika. Ta lalace a shekarar da aka yaye Auta, aka rubuta takardar neman gyara. Akwai kuma ƙararrawa, amma ta ɗauki ɗabi'ar kuka ba dalili, wani manaja na da ya sa aka cire mata waya kafin a kawo sabuwa. Tun daga nan Baba ne na'urar, shi ne ƙararrawar. Yakan tayar da injina da safe, ya kashe su da ƙarfe ɗaya daidai lokacin da ake fara labarai a rediyo, don ya san a wannan sa'a ce tanki ke kusan cika. Sau biyu ko uku a shekara, in an yi sanyi mutane sun rage wanka, ko an rufe wani babban bututu don gyara, tankin kan riga ƙarfe ɗaya cika. A irin wannan rana allo ne ke faɗa masa. Cikin shekara talatin da biyu ruwa bai taɓa zubowa a hannunsa ba, kuma mutanen gangare ba su san sunansa ba, abin da yake ɗauka a matsayin lambar yabo.

Sabon manaja ya zo da sabbin kwamfutoci. Mutumin kirki ne, mai saurin magana, ba shi da mugunta ko ta anini. Sabon allon yana da hoton tanki da ruwa shuɗi yana hawa yana sauka, da tagogi da ake buɗewa da linzamin da ake ja a kan tebur. An manta ba a sayo lasifika ba, amma an rubuta takarda. Dogo, wanda ke karɓar aiki daga hannun Baba da ƙarfe biyu, ya koyi abin cikin yini ɗaya. Baba ya yi kwana biyu yana tura linzamin har ya faɗo daga tebur. Manaja ya ce, cikin ladabi, za a cire tsohon allo ƙarshen wata, wanda kuma bai iya sabon ba sai a duba masa hanyar hutawa. Saura wa Baba shekara biyu ya ajiye aiki da kansa.

Bai roƙi 'yarsa komai ba, don bai taɓa roƙon ɗansa ko ruwan sha ba. Inna ce ta kira ta a waya ta ce ubanta ya daina cinye abincinsa, kuma jiya ta same shi yana danna yatsu a kan gwiwarsa kamar mai buga madannai. Auta ta je wurin Manaja da shawara: za ta yi wa sabuwar manhajar riga irin ta tsohon allo. A ciki komai sabo, a waje komai yadda Baba ya sani. In Dogo ya zo, maɓalli ɗaya zai danna ya koma ga hotonsa mai shuɗin ruwa. Manaja ya ga babu wanda zai yi kuka a ofishinsa, ya yarda nan take.

Mako uku ta yi tana ɗaukar hoton tsohon allon kafin a cire shi. Duk wanda ya ga aikinta na wancan lokaci ya ce ba ta taɓa yin kamarsa ba. Ta ƙirga ɗigon kowane harafi da madubin ƙara girma, bakwai a kwance, tara a tsaye. Ta auna yadda haske ke malala daga jikin harafi zuwa baƙin da ke kewaye da shi, da yadda harafin da aka goge ke ɗan jinkiri kafin ya mutu. Ta ƙirga sau nawa ɗan murabba'in da ke jiran rubutu yake ƙiftawa a minti. Ta lura kusurwar hagu ta sama ta fi sauran duhu. Ta kuma lura da abin da shekaru suka yi wa layi na ashirin da huɗu: kalmar DAIDAI ta daɗe a wuri ɗaya har ta ƙone gilashin, ko an kashe allon ana ganin tabonta. Da wani ne, da ya ce wannan lahani ne ya bar shi. Auta ta zana tabon ɗigo-ɗigo, ta sa shi a mazauninsa.

Cikin makonni ukun nan tankin bai riga lokacinsa cika ba ko sau ɗaya. Sai ta duba tsohon littafin na'urar, mai warin ɓera, ta ga an rubuta cewa in ruwa ya kai baki, layi na ashirin da huɗu zai nuna YA WUCE. Ta sa ya nuna YA WUCE, da korayen haruffa masu kyau, bakwai a kwance tara a tsaye, a kan tabon.

Ranar gwaji Baba ya zauna, ya laluba tsohon madannansa da ta haɗa da sabuwar kwamfutar, ya kawo fuskarsa dab da gilashi. Ya ce koren ya yi ɗanye. Ta rage. Ya ce yanzu ya yi kamar ganyen da ya kwana. Ta ƙara kaɗan. Ya ce hasken tsakiya ya fi na da da ɗan kaɗan, kuma ƙiftawar ta yi gaggawa kamar mai jin kunya. Ta duba ma'auninta, ta ga gaskiyarsa a duka biyun. A gaban Dogo ta ce a duk masu ba ta aiki babu mai ido irin na mahaifinta. Dogo ya ce ai tsohon nan ko ƙuda ya gifta ta bayan allo sai ya faɗi ko mace ce ko namiji. Baba bai yi dariya ba, amma a ranar ya cinye abincinsa.

Layi na uku a allon ba a rubuta komai a cikinsa tun asali. Kafin ta tafi, Auta ta sa 'yan kalmomi a wurin: SANNU DA AIKI BABA. Ta tsaya a bakin ƙofa tana jira ya gani. Yana kallon allon, bai ce komai ba. Ta ce a ranta sai gobe. Gobe ta zo ta wuce, mako ya wuce, wata ya wuce. Mutumin da ya gane hasken tsakiya ya ƙaru da ƙwayar zarra bai ga gaisuwar 'yarsa ba, ko ya gani ya ga ba ta kai a amsa ba. Ta ɗauki na biyun, don ya yi daidai da halinsa, ta yi fushinta ita kaɗai.

Da ta gaji ta kai ƙara wurin Inna. Inna tana ninke kayan wanki. Ta ce ai kin san halin ubanki, hannunta kuwa ya tsaya a kan riga ɗaya ya daɗe fiye da yadda ninkin riga ke buƙata. Daga ranar Auta ta fara ganin abubuwan da ta daɗe tana gani. Kujerun falon gidansu shekara biyu ba a gusa da ko ɗaya ba, alhali a da Inna kan juya su duk wata. Kofin shayin Baba kullum a wuri ɗaya ake ajiye shi, hannunsa yana kallon dama. In sun haɗu da mutum a hanya, Baba ba ya gaisuwa sai wancan ya fara magana, mutane kuma suna cewa girma ne ya zo masa. In zai tafi aiki yakan bi gefen katanga, yatsu biyu suna shafar ta kamar mai duba ko fenti ya bushe.

Ranar wata Talata ta je gidan ruwa da ƙaramar kwamfutarta, ta ce ta zo duba waya. Ta zauna a bayansa. Injina suna ruri ta bayan bango, rediyo yana magana ƙasa-ƙasa. Ta aika wa allon saƙon ƙarya, cewa ruwa ya kai baki. A layi na ashirin da huɗu YA WUCE ya fito, sarai, ko daga bakin ƙofa ana karanta shi. Baba yana fuskantar allon, kofi a hannu. Ta sa ido a kan agogo. Minti ɗaya ya wuce, na biyu ya bi shi. A na uku ya nuna ƙasan allon da kofin ya ce nan ne ta fi ƙoƙari, layin nan na ƙasa, kamar an ciro shi daga tsohon an liƙa.

A minti na huɗu ta ce, "Baba, me layin ƙasa ya ce?"

"Abin da ya saba cewa."

"Karanta min."

Ya ajiye kofin a mazauninsa ba tare da ya duba ba. "Yau kuma jarrabawa za ki yi min? Ni na koya miki baƙi a kan allon nan."

"Shi ya sa na ce ka karanta min."

Injina suka ci gaba da rurinsu. Da ya buɗe baki, maganar ta fito a shirye, kamar ya daɗe da tsara ta yana jiran mai tambaya. Tun shekarar da ta gabaci bara haruffa suka zama hayaƙi. Yana ganin haske, yana ganin duhu, yana gane inda ɗaya ya fi ɗaya fiye da yadda yake ganewa da, amma ba ya raba harafi da ɗan'uwansa. Likita ya ce ba irin yanar idon da ake cirewa ba ce. Inna ta sani. Aikin kuwa, in ji shi, yatsunsa sun san shi, kunnensa ya san injina, rediyo ya san ƙarfe ɗaya. Ta tambaye shi ranar da tanki zai riga ƙarfe ɗaya fa. Ya ce ai allon zai faɗa masa, kamar kullum.

"Ta yaya?"

"Zai juye mana. Baƙin ya koma kore, koren ya koma baƙi, duk ɗakin nan ya haske, gilashin ya riƙa kuka kamar sauro. Wannan ko makaho ya gani."

Ba a rubuta wannan a littafi ba. Wataƙila wani makaniki ne ya ƙara shi shekaru da yawa da suka wuce ya tafi da saninsa. Auta ta ce nata allon ba ya juyewa. Ta ce minti biyar ke nan yana cewa YA WUCE a gaban idonsa.

Baba ya ce, "To ashe ba ki gama aikinki ba ke nan."

Ya ce kada ta kai maganar ofis. Wata ashirin ne suka rage, kuma ba zai fita daga ɗakin nan ana jan hannunsa ba. Ta sa allon ya juye kamar na da, shi ke nan, komai ya koma yadda yake. Da ta fara cewa gidan raino yana ƙarƙashin tudun, ya katse ta da cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ta bar shi da karin maganarsa. Ta yi alkawarin gamawa kafin Asabar.

Aikin na minti goma ne. Duk wanda ya yi wata uku yana koyon rubuta manhaja zai iya sa allo ya yi fari fat, ya rataya wata 'yar lasifika ta kasuwa ta yi ƙara. Auta ta san haka. Amma ba ta taɓa ganin yadda tsohon allon ke juyewa ba: ko gaba ɗaya yake yi, ko daga sama zuwa ƙasa, wane irin kore ne, kukan kuma wace irin murya. A tunaninta, mutumin da ya gane koren ya yi ɗanye ba za a kai masa farin banza ba. A shekarunta na sana'a ba ta taɓa zana abin da ba ta auna ba. Saboda haka ran Laraba ta karɓi mabuɗin sito daga hannun mai gadi, ta tono tsohon allon daga ƙarƙashin karyayyun kujeru, ta shiga neman yadda za ta tashe shi ko na minti ɗaya ne. Laraba ta tafi a kan wata waya da ɓera ya ci.

Ran Alhamis da safe ma'aikata suka rufe babban bututun da ke kai ruwa unguwa uku, don gyara. An liƙa sanarwar a allon sanarwa na bakin ƙofar ɗakin injina, da manyan haruffa, yadda kowa zai gani.

Auta tana cikin sito, bayan ginin, da ƙarfen narka dalma a hannu. Wajen sha biyu da minti ashirin ta ji kamar an fara ruwan sama. Ta dubi ƙofa, rana tana nan fes. Ƙarar tana ƙaruwa, kuma daga sama take zuwa, daga wajen tudu. Ta fito. Ruwa yana zubowa ta bakin tankin ta kowane gefe, fari, kamar an lulluɓa masa mayafi, yana haɗuwa a gindinsa yana neman hanya. Hanya ɗaya ce, gangare.

Ta samu Baba zaune tsaf, bayansa a miƙe, fuskarsa a kan allon, rediyo yana kiɗa ƙasa-ƙasa. Ta miƙa hannu ta saman kafaɗarsa ta danna maɓallan. Injina suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗago kai ya ce lokaci bai yi ba, saura fiye da rabin sa'a. Da rurin ya lafa sai shi ma ya ji ɗaya ƙarar. Bai tashi ba. Ya ɗora tafukansa biyu a kan tebur ya bar su a wurin.

Ruwan ya yi wa gangaren rami, ya kwashi ƙasa da duwatsu ya tara a bayan rawayar katanga. Da sha biyu da rabi katangar ta kwanta a cikin filin da yaran gidan raino ke wasa, a kan lilo biyu da wani dokin katako. Ƙarfe sha biyu ake zuwa ɗaukar yaran. A ranar babu uwar da ta makara, abin da mai gidan rainon ta ce ba ta taɓa gani ba tun da ta buɗe wurin.

Ran Litinin aka zauna a ofishin Manaja: shi, da Dogo, da Baba, da Auta da kwamfutarta a kan cinya. Manhajar da ta rubuta tana ajiye tarihin duk abin da ta nuna da lokacin da ta nuna shi, kuma ita kaɗai ta san inda tarihin yake. Ta duba shi tun ran Alhamis. Minti goma sha tara layi na ashirin da huɗu ya yi yana cewa YA WUCE. Manaja ya ce ba ya neman wanda zai kora, amma daga sama ana son a san abu ɗaya, na'ura ce ko mutum. Ya fara da Baba. Baba ya ce allon bai yi abin da ya saba yi ba. Dogo ya sunkuyar da kai yana duba takalminsa. Manaja ya juya wajen Auta.

Ta ce laifin allon ne. Ya maƙale a kan DAIDAI, ita ce kuma ta rubuta shi, ba wani ba. Ta ga kafaɗun mahaifinta sun ɗan sauka. Sai ta ƙara da cewa ba za a sake amincewa da shi ba, a cire shi yau, a koma ga sabon.

Baba ya juyo da fuskarsa wajen muryarta. "A gyara shi mana."

"Ba ya gyaruwa, Baba."

"Ke kika ce aikin kwana uku ne."

"Na duba. Ba ya gyaruwa."

Manaja ya ji daɗin samun amsa mai shiga layi ɗaya a takarda. Kafin la'asar an cire rigar, hoton tanki mai shuɗin ruwa ya dawo. Ya ba Baba mako biyu ya saba da linzami, ya ce Dogo zai zauna tare da shi. A rana ta uku Baba ya kai takardar ajiye aiki, wadda Inna ta rubuta masa shi kuma ya sa hannu a inda ta ɗora masa yatsa. An yi masa taron sallama a wurin ajiye motoci. Manaja ya yi jawabi mai kyau a kan idon da ya yi shekara talatin da biyu bai kau daga kan allo ba, har sai da na'ura ta ci amanarsa. Aka tafa.

Labarin ya zaga cikin masu sana'arta, kamar yadda irinsa ke zagawa. Wasu suka daina kiranta, wasu suka ci gaba don su ba tanki gare su ba. A gida, duk baƙon da ya zo gaishe da Baba sai ya ji yadda yaran yanzu ke da takardar shaida amma ba su da aiki a hannu, ga misali nan a cikin gidansa. Yayyenta suka ce da ma sun faɗa, wasan yara ba ya zama sana'a. Inna kuwa sai ta fara aika mata da abinci a kwanon da ba ta ba kowa aro.

Bayan wata biyu Auta ta tashi tsohon allon. Ya yi aiki na kusan minti ɗaya da rabi, ta sa shi ya juye, ta ɗauki hotonsa, sannan ya yi wani wari ya mutu gaba ɗaya. Daga sama yake juyewa zuwa ƙasa, cikin ƙiftawar ido biyu, kuma kukan ya fi na sauro kauri kaɗan. Ta kwaikwaye shi har ba a iya rabewa. Ta kai kwamfutar falon gidansu, ta ajiye ta a kan tebur kusa da taga da tsohon madannan, ba a haɗe da komai ba. Baba ya ce a fitar masa da tarkacen nan. Inna ta ce to, ta share ƙurar da ke kai ta bar shi a wurin. Bayan kwana huɗu aka wayi gari yana zaune a gabansa, da kofi a dama da rediyo a hagu, kuma tun daga ranar yake kama aiki ƙarfe bakwai ya tashi ƙarfe biyu.

Sau biyu ko uku a shekara, ba tare da ta faɗa wa kowa ba, Auta kan sa allon ya juye. Ranar farko tana tsaye a bakin ƙofa. Falon ya haske kore, kukan ya tashi, kafin ta ƙirga uku yatsunsa sun kashe injinan da babu su. Ya jingina da kujera, ya ce, ba tare da ya juyo ba, da haka ta yi tun ran Talatar nan da yanzu yana bakin aikinsa. Ta riga ta lissafa abin ta kowace fuska, kuma gaskiyarsa ce. Gaisuwar tana nan a layi na uku. Inna ta taɓa tambayarta ko ta karanta masa, ta ce a bar shi.

An sake gina katangar gidan rainon a inda take, an yi mata rawayan fenti, an sayo sabon lilo. Wanda aka ɗauka a madadin Baba saurayi ne mai lafiyar ido, yana da waya mai kyau da yake yawan dubawa. An sake rubuta takarda a kan na'urar da ke kashe injina, an haɗa da ta lasifika don a rage yawan takardu. Auta ta bar ɗakin da take haya ta koma wani a hawa na uku, mai ƙarancin iska da tsadar hawa, wanda tagarsa ke kallon tudun. Masu ba ta aiki sun san ba a samunta a waya tsakanin sha biyu da ƙarfe ɗaya. A wannan sa'a tana tsaye a taga, tana kallon bakin tankin.